Hunturu da 'Yar Fitilar Taya

Idan hunturu ya kankama, daga ƙarshen Disamba zuwa tsakiyar Janairu, kowa da abin da yake kuka da shi. Wani kaushi, wani mura, ɗalibi kuwa ruwan wanka da laccar ƙarfe takwas. To, a 'yan shekarun nan masu motoci su ma sun sami nasu abin kukan, musamman waɗanda suka sayi motocin nan na hannu da ake shigowa da su daga Amurka. Mutum zai fito da sassafe ya tayar da mota, sai ya ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a allon da ke gabansa, siffarta kamar tukunya mai faɗin gindi, da alamar motsin rai a tsakiya. Ya sauko ya kewaya motar, ya dudduba tayoyi, ya ɗan taka su da ƙafa, bai ga wadda ta sace ba. Ya hau hanya yana wasiwasi, can da hantsi sai fitilar ta mutu don kanta. Gobe da safe ta sake kamawa. Daga nan sai a yanke mata hukunci, a ce ƙarya take yi.

Ni kuwa a ganina an zalunce ta. Bari mu fara da abin da kowannenmu ya taɓa gani. Ɗauki jarkar roba wadda ba komai a cikinta, ka rufe bakinta tam da tsakar rana, ka bar ta a waje ta kwana. Da asuba za ka tarar ta motse, alhali ba wanda ya taɓa ta, ba kuma inda iska ta bi ta fita. Iskar tana nan, sanyi ne ya kashe mata jiki, ta rage ƙarfin da take tokare jikin jarkar da shi. Wani Bafaranshe mai suna Guillaume Amontons ya auna wannan hali na iska tun wajen 1702, tun ba a yi mafarkin mota ba. Abin da ke faruwa cikin taya ke nan. Lissafin kuma ba shi da wuya: duk sa'ad da zafin gari ya sauka da digiri 5 ko 6 a ma'aunin Selsiyos, geji zai nuna taya ta ragu da kimanin lamba 1, a awon nan na psi da masu faci ke aiki da shi. A Kano ko Zariya, cikin hunturu, ana iya kwana da digiri 12 ko 13, a wuni da 30. Watau tayar da ke nuna 32 da la'asar tana iya wayar gari da 29 ko 30, ba tare da ƙusa ta taɓa ta ba. A jihohin arewacin Amurka irin su Minnesota kuwa, inda ake busa taya a digiri 20, bayan wata uku sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, asarar takan kai lamba 6.

Amma fa ga inda maganar take. Fitilar nan ba ta kamawa saboda lamba 2 ko 3. Ƙa'idar da Amurka ta kafa ita ce lalle ta kama idan taya ta rasa kashi 25 cikin 100 na iskar da masu ƙera motar suka tsara mata. Idan an tsara 32, ke nan wajen 24 ake magana. Saboda haka duk wanda fitilarsa ta kama da sanyin safiya, ya sani tun jiya da la'asar tayarsa tana wajen 26 ko 27, ta daɗe tana rarrafe a bakin gaɓa, hunturu ingiza ta kawai ya yi. Ko lafiyayyar taya takan zubar da kimanin lamba 1 a kowane wata, iskar na tsatsafowa ta jikin roba a hankali, to wanda ya yi wata biyar bai leƙa wurin mai faci ba, ina mamaki? Mutuwar fitilar da hantsi kuma ba waraka ba ce. Rana ce da zafin kwalta suka kumbura 'yar iskar da ta saura, ta haye iyakar da ɗan kaɗan.

A Janairun 2024, da hutu ya ƙare, kawuna ya ce zai sauke ni Samaru, da yake yana da tafiya zuwa Kaduna. Motarsa 'yar Amurka ce, yana ji da ita kamar amarya. Ina shiga sai idona ya faɗa kan wani ɗan baƙin salatef da aka manna kusa da agogon gudu.

Na ce, "Kawu, me aka rufe a nan?"

Ya ce, "Wata fitila ce mai tsegumi. Riwaya ya ce don ƙasar ƙanƙara aka yi ta, a nan ba ta da aiki."

Na roƙe shi mu tsaya wurin mai faci a bakin unguwa, tun tayoyin ba su ɗau zafi ba. Ya tsaya, ba don ya yarda ba, sai don kada a ce ya gwale ɗan 'yar'uwarsa mai karatun jami'a. Geji ya nuna uku suna tsakanin 26 da 27, ta baya ta hannun dama kuwa 23. Mai facin, wani dattijo mai fara'a, ya jawo tiyo ya ce, "Alhaji, a kai su 44 ko? Ga shi nan rubuce a jikin tayar." Na ce, "Baba, wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne, zo ka ga na motar." Na buɗe ƙofar direba, na nuna masa 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar, an rubuta 32 gaba da baya. Ya daɗe yana dubanta, sa'an nan ya ce shekara da shekaru yana wannan sana'a, ba mai motar da ya taɓa buɗe masa ƙofa ya nuna masa. Ban ga laifinsa ba. Mu da muke iya karanta takardar, mu nawa ne muka taɓa sunkuyawa muka duba?

Maganar riwaya ita ce ta tsaya mini a rai, domin tarihin fitilar akasin haka ya nuna. Zafi ne ya haife ta. A ƙarshen shekarun 1990 aka yi ta samun haɗurra da motar Ford Explorer mai ɗauke da tayoyin Firestone: ana cikin gudu sai fatar saman tayar ta ɓare, motar ta wuntsila. Yawancin haɗurran a jihohi masu zafi suka auku, irin su Texas da Florida, haka kuma a Saudiyya da Benezuwela. A watan Agusta na 2000 Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka kuwa ta danganta mutuwar mutum 271 da al'amarin. An sami aibi a ƙirar tayoyin, amma ƙarancin iska ma yana cikin abin da aka yi ta jayayya a kai, domin Ford ya tsara 26, Firestone kuwa ya ce 30 ya kamata. Wannan ya sa majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 2000, wadda a ƙarƙashinta, daga Satumba 2007, kowace sabuwar ƙaramar mota sai da wannan fitila. Tarayyar Turai ta bi sahu, ta wajabta ta a kan dukan sababbin motoci daga Nuwamba 2014. Ka ji abin da ake rufewa da salatef.

Yadda ƙarancin iska ke kashe taya kuwa, duk wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san shi. Kana lanƙwasa ta kana miƙewa, kafin ta karye sai ta ƙona maka yatsa. Haka gefen taya mai ƙarancin iska yake lotsewa yana miƙewa a kowane juyi, sau ɗaruruwa a cikin minti guda, zafi na taruwa har roba ta saki wayoyin da ke cikinta. Ɗora wannan a kan kwaltar watan Afrilu, da mutum shida da buhun masara a but. Shi ya sa al'adar nan ta wasu direbobinmu ke ba ni tsoro, watau su tsaya da tsakar rana su rage wa taya iska wai don kada ta fashe. Iskar da ta ƙaru saboda zafin tafiya, masu ƙera taya sun riga sun yi lissafinta. Wanda ya sace ta, da zarar taya ta huce sai ta koma ƙasa da yadda ta fito gida.

Ba na cewa fitilar ba ta taɓa kuskure. A yawancin motocin Amurka akwai 'yar na'ura a gindin bawul, cikin tayar, mai ɗan batirin da ba a canzawa, wanda yakan yi shekara 5 zuwa 10. Motar da aka ƙera a 2010 ta riga ta wuce wannan wa'adi kafin ma ta iso hannun wasunmu. Sau da yawa kuma ƙarfen da ake ɓamɓare taya da shi daga wili yakan fasa na'urar, in ba a gargaɗi mai faci ba. Amma motar da kanta tana bambanta maka: idan fitilar ta yi ta ƙiftawa wajen minti ɗaya bayan an tayar da inji, sa'an nan ta tsaya, na'urar ce ta lalace. Idan kuwa ta kama cak ba ƙiftawa, taya ce ke neman iska. Ta Kawu ba ta ƙiftawa.

Da aka kai tayoyin 32, na ɓare salatef ɗin, ba mu kai Kwanar Dangora ba fitilar ta mutu, ba ta sake kamawa ba har hunturun ya wuce, sai sau ɗaya, shi ma ƙusa aka zaro daga tayar nan ta baya. Yanzu Kawu yana da ɗan gejinsa a aljihun mota, yakan auna ranar Juma'a da safe kafin ya fita. Maganar rage iska a hanya ce dai har yau ba mu daidaita ba. Ya ce mahaifinsa ya yi shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Kano da Nguru yana yin haka, ni kuwa ko lasin ban yi ba.