Gaba fata, baya leda

Duk wanda ya zo Ingila ya riga ya ɗaure wa tsada ɗamara. Shi ya sa da aka ce mini kujerun fata biyu, mai zaman mutum uku da mai zaman biyu, waɗanda za a yi su takanas da launi da girman da na zaɓa, za su haura fam 4,000, sai na haɗiye yawu na yi shiru. Bayan kujerar ne ya tsaya mini a rai. Na zagaya na shafa wadda aka ajiye don gwaji, na ji hannuna na zamewa a kan wani abu mai sanyi, sumul, ba ko alamar ƙofar gashi. Na tambayi yarinyar shagon. Ta yi murmushi ta ce ai fatar gaske tana duk inda jiki ke taɓawa, mazauni da majingina da hannuwa. Baya da gefe kuwa an sa musu abin da ya yi daidai da launin. Leda ke nan dai. A karɓi wannan uban kuɗi a lulluɓe mini baya da leda, don an san bango ba ya kai ƙara.

Kada wata ta ce na manta halin namu kafintocin. Ban manta da tsohon soso da ake cusawa a tsakiya a rufe da sabo ba, ko ɗanyen katakon da zai bushe a falonki ya fara kuka kafin a gama cin amarci. Sai dai a gida ha'inci yana da fuska da suna da unguwa. Kina iya zuwa ki zauna a bencinsa, ƙwarangwal ɗin kujerarki na gabanki tsirara, ki ɗaga katakon ki ji nauyinsa, ki ce, "Malam, wannan soson ba shi muka yi da kai ba." Ya sosa ƙeya ya canza. A nan wadda ta karɓi kuɗinki ba ta taɓa riƙe guduma ba, wanda ya riƙe gudumar kuma yana wani gari, wani lokacin ma wata ƙasa. Ba "albarka", ba "ƙara dai". Farashi na manne a takarda, iyakacinsa a ce ki jira rangwamen bayan Kirsimeti.

To amma kuma. Idan suka ce mako goma sha biyu, galibi kafin lokacin za a kira ki a tsayar da ranar kawowa, har da sa'o'in da mota za ta iso. Na tuna kujerun auren ƙanwata da "jibi in sha Allahu" ta bi su har ranar jere, sai na ji wani abu mai kama da hassada ya taso mini. Da na ba Hajiyarmu labari a waya, cewa ta yi, "Ke 'yar nan, ki turo kuɗin a yi miki a Kano mana, har da gado da sif a ciki." Gaskiyarta ta fuskar lissafi. Matsalar, fatar da za a yi su da ita.

Nan ne abin ke mini ciwo, don mu ba baƙin fata ba ne. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ce ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saya a hannun fataken arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan Maroko. Baturen nan matafiyi, Barth, da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yawan takalma da jemammun fatun da ke fita daga birnin. Har gobe masu ɗinkin littattafan alfarma a ƙasar nan suna neman fatar akuyar Najeriya, kuma majemun Sharaɗa da Chalawa na tura fatun awaki da tumaki Italiya da Sifaniya. Sai dai kujera ba fatar akuya take so ba. Ta yi ƙanƙanta, sai a yi ta haɗe-haɗe. Ƙirgin sa take so, faffaɗa, irin na bijiman Turai da ke kai wa murabba'in mita 5, kuma doguwar kujera ɗaya kan lashe wajen guda shida. Namu shanun suna da tozo, wanda ke barin tsaga a tsakiyar fatar, ga cizon kaska, ga ƙaya, ga lalas. Wanda ya tsira daga duk wannan kuma ya faɗa tukunya ya zama ganda. Ni ma ina cikin masu ci, ba zan yi baki biyu ba. Don haka yawancin "kujerun fata" na falukanmu leda ce gaba da baya, kowa ya sani, ba wanda ya yaudari wani, farashin ma na leda ne. Abin da ya ƙona mini rai a wancan shago shi ne rabi da rabi a kuɗin cikakke.

Wadda duk za ta sa a yi mata, ta fara da wannan tambaya: fata ce ko'ina, har baya da gefe? A rubuta amsar a takardar oda, don maganar baki ba ta da daraja a nan. Sannan wace irin fata? Ƙirgin sa yana da kauri, tsaga shi ake yi biyu a kwance. Na sama, mai ƙofofin gashi, shi ne mai ƙarko. Na ƙasa shafa masa roba ake yi a buga masa zane ya yi kama da na sama, kuma shi ma sunansa fata, a nan ake kama mutane. Akwai kuma wanda ake niƙa ragowar yanke-yanke a kwaɓa da gam a shimfiɗa a kan yadi. Wannan ki guje shi ko kyauta ne, ɓarewa yake yi kamar tsohon fenti.

Na saman ma iri-iri ne. Anilin shi ne wanda aka rina kawai ba a rufe fuskarsa ba. Ya fi kowanne taushi da tsada, tabon da dabbar ta samu a rayuwarta duk yana nan ana gani, su kuma a wurinsu ado ne. Kyakkyawa ne ƙwarai, amma ba a yi shi don gidanmu ba. Man kitso zai zana miki kan duk wanda ya jingina. Humra, ɗanyen lalle, ɗigon miyar manja, duk shanyewa yake yi har abada. Mai yara ta nemi rabin anilin, ko mai rufin fenti wanda ake gogewa da ɗanyen tsumma. Kuma kada farin launi ya ruɗe ki in maigida mai sa rinanniyar shadda ne. Zama ɗaya a ranar zafi ya isa ya bar shuɗi.

Ki nemi a aiko miki ƙyallayen gwaji, yawanci kyauta ne ko kuɗi kaɗan. Ki duba su a hasken falonki, ba na shago ba, da safe da kuma dare, don ranar hunturun nan ba ta da ƙarfi kuma launin ƙasa kan koma kamar baƙi. Ki juya bayan ƙyallen: na gaske gashi-gashi ne, na jabu saƙar yadi ce. Ki ɗiga ruwa, ki karta da farce, ki shafa man da kike shafawa, ki bar shi ya kwana.

Cikin kujerar kuwa, tunda ba za a bar ki ki gani ba, ki ɗaga ƙafa ɗaya ta gaba kamar tsayin tafin hannu. In ɗaya ƙafar ta biyo ta, jikin na da ƙarfi. In ta zauna a ƙasa, katakon murɗewa yake yi. Ki tambaya ko busasshen katako mai tauri ne, an haɗa da turaku da gam da sukurori, ko kuwa allon garin katako ne aka harbe da ƙusar bindiga. Ƙananan masana'antu sun fi amsa wannan ba tare da kame-kame ba. Garin Long Eaton, kusa da Nottingham, ya yi suna a aikin kujeru, haka wasu garuruwan Lancashire wajen yin kujerar Chesterfield mai lotsattsun maɓallai, kuma wasunsu kan yarda ki leƙa wurin aikin in kin nemi izini. A irin wurin nan na ga wani dattijo yana cusa fata cikin ramin maɓalli da yatsa, yana kwantar da kowace ninka ta kalli ƙasa don kada ta tara ƙura. Ba ya ko kallon hannunsa. Na tsaya ina tuna dukawan Kurmi. Na tambaye shi bayan kujerar fa, ya dube ni kamar na zage shi. Kuɗinsa kuma ya ɗara na wancan shago nesa ba kusa ba.

Sai takarda, inda suka fi mu ba gardama. Kafin alƙalami ba ya dawowa don kawai kin sake shawara. Kwana 14 da doka ta ba mai saye ta intanet ya mayar da kaya ba su shafi abin da aka yi shi musamman dominki ba. In kuwa da aibi ya zo, ko ba abin da aka rubuta ba ne, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba ki kwana 30 ki ƙi karɓa a mayar miki da kuɗinki, shi ya sa na ce a rubuta batun baya da gefe. Ki biya ko da wani ɓangare da katin bashi, domin sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya ɗora wa mai katin alhaki tare da mai shago a kan kayan da ya haura fam 100 zuwa 30,000. In masana'antar ta rushe kafin a kawo, kina da wanda za ki riƙe. Masu gudun kuɗin ruwa, irina, sai a biya katin duka kafin wa'adi. Wata 'yar takardar gargaɗin gobara da za ki gani ɗinke a ƙarƙashin kushin, bisa dokar 1988, kada ki yanke ta don ta ɓata miki ado. Ranar da kika so bayar da kujerar, shagunan sadaka ba za su karɓa ba in babu ita.

Ki nisanta kujerar da hita da taga mai rana, kaskon turaren wuta kuma ya zauna can gefe. Awo kuwa naki ne, ba wanda zai zo ya yi miki sai kin biya. Ki auna ƙofar waje, da lungun shiga, da kwanar matakala, da lif in a bene kike, ki tambaya ko ƙafafu da hannuwa na kwancewa. Gidajen nan ƙofofinsu matsattsu ne. A gida da an kira yaran unguwa an cire taga an zura ta, a ba su na goro. A nan masu kawowa za su gwada sau ɗaya, su gwada na biyu, su mayar da ita mota, sannan a aiko miki da kuɗin ajiya da na sake kawowa.