Wasiƙa Daga Madarumfa: Ka Zo Mu Zauna

Aminina,

Ka gaida mini uwargida da yara, ka ce wa Inna ina duƙawa ina gaishe ta. Mu nan lafiya lau. Tabki ya yi ruwa bana, masunta sai sam barka.

Saƙonka ya iso, kuma wallahi na ji daɗi da ka buɗe mini cikinka. Ka ce giya ta ishe ka, ka sha rantsuwa kana karyawa, kana so ka ji yadda na yi na rabu da ita. Gaskiyar magana, ba ni kaɗai na yi ba. Da ikon Allah da taimakon waɗanda suka sha irin wahalar da na sha na fita.

Ka san yadda fada take a wurinmu: tabarma, butar shayi bisa gawayi, hira har dare ya raba. A irin wannan zama yawancinmu muka fara kurɓa, a irinsa kuma muka samu mafita. Mu 'yan kaɗan ne, muna haɗuwa duk Juma'a bayan la'asar a zauren ɗayanmu. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance. Wanda ya jure a yi masa barka. Wanda ya koma ya sha ya faɗa da bakinsa, ba mai zaginsa, ba mai yi masa wa'azi, sai a tambaye shi ina ya je, da wa ya zauna, me ya ɓata masa rai a ranar. Ba a biyan ko dala. Doka ɗaya ce ba ma wasa da ita: abin da aka faɗa a zaure ya tsaya a zaure. Ka san garinmu, magana ba ta kwana, kuma mutum ya fi tsoron tonon asiri bisa ciwon hanta.

Wannan dabara ta girme mu. A 1935, a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, wani ɗan kasuwa, Bill Wilson, ya je neman ciniki bai dace ba, sha'awar giya ta taso masa bayan ya yi watanni da barinta. Sai ya nemi wani mashayi ɗan'uwansa don su yi magana, aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith. Daga hirarsu ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, littafinta ya fito a 1939, yau tana ƙasashe kusan 180. Suna ma yin zama ta intanet da Faransanci da Ingilishi, kana iya shiga da salularka ka saurara ba tare da ka faɗi sunanka ba. Amma a ganina zaman ido da ido ya fi, don wanda ya san ƙofar gidanka shi zai biyo sawu ran da bai gan ka ba.

Ni ta hannun wani majo, wato ma'aikacin jinya, a asibiti na samu mutanena. Na keɓe da shi na gaya masa halin da nake ciki, shi kuma ya nemi izinin wani da ya riga ni bari, ya haɗa mu. Kai ma a can Maraɗi ka fara da ma'aikacin lafiyar da ka amince da shi, ko limamin da ka san yana riƙe sirri.

Ga inda nake so ka natsu. Tunda ka ce hannunka na rawa da safe sai ka kurɓa yake tsayawa, kada ka yanke ta dare ɗaya a ɗaka kai kaɗai. Jikin da ya saba da giya kullum, in aka hana shi farat ɗaya, yakan fara da makyarkyata da zufa da rashin barci, wani ya faɗi kamar mai farfaɗiya, a kwana na biyu zuwa na uku wani ya ruɗe yana ganin abin da babu. Mutane sai su ce iska ce, alhali ciwo ne da kan yi kisa, kuma akwai maganinsa a asibiti. Ka ga likita tukuna, ka gaya masa gaskiyar abin da kake sha a yini. Kada kuma wani ya ruɗe ka da tiramol wai zai rage maka sha'awa, shi ma kama mutum yake yi.

Na ji baffanka yana maganar a kai ka gidan mari a ƙetaren iyaka. Ban yarda ba. Ka tuna 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa tana hana ƙafa tafiya, ba ta taɓa abin da ke cin zuciya.

Batun da ka yi cewa kunya ta hana ka shiga sahu, shi ya fi taɓa ni. Giya haramun ce, ba mai musu. Amma ko a zamanin Manzon Allah (SAW) mataki-mataki haramcin ya sauka, kuma Annabi ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha kawowa kan shan giya, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. Ka koma masallaci, ko a sahun baya ne.

Tsakaninmu da Maraɗi ba nisa. Juma'a mai zuwa ka shigo mota da hantsi, mu yi salla tare, mu ci kifi, da la'asar in kai ka wurin 'yan'uwa. Ba dole ka ce komai ba a zaman farko. In ka iso tasha ka kira ni.

Naka har kullum,
Amininka na Madarumfa