Yini Guda a Ƙarƙashin Tsohuwar Mota

A shekarar 2009 na yi wata huɗu a Ingila ina bin diddigin takardun Turawan mulkin mallaka game da yadda aka tsara rubutun Hausa na boko. Takardun suna Oxford, amma kuɗin haya a can ya fi ƙarfin aljihuna, saboda haka na kama ɗaki a Abingdon, wani ƙaramin gari da ke kudu da birnin da kimanin kilomita goma. Mai gidan dattijo ne da ya haura saba'in, matarsa ta rasu, 'ya'yansa kowa ya kama gabansa. Baba nake kiransa, kamar yadda zan kira sa'ansa a gida, har ya saba yana amsawa. A garin nan ne kamfanin MG yake da masana'antar ƙera motoci, kuma a cikinta Baba ya ƙarar da ƙarfinsa har aka rufe ta a 1980.

A bayan gidan akwai gareji, a ciki da wata 'yar mota mai kujera biyu da rufin tamfol, ƙirar MGB ta 1975. An fara ƙera irinta a 1962, an kuma yi fiye da rabin miliyan kafin a daina. Sai dai ta Baba ta zo a mummunan lokaci. A 1974 dokokin Amurka, inda aka fi sayen motar, sun sa an ɗaura mata manyan bamba na roba, an kuma ƙara mata tsayi daga ƙasa. Kamar hakan bai isa ba, ƙirar 1975 ta fito ba tare da sandar gaba mai hana karkata ba, domin rage kuɗi. Da ta shiga kwana sai ta kwanta gefe ɗaya kamar kwale-kwalen da aka yi wa lodi a ɓangare guda. Baba ya yi wa jikarsa alkawarin motar, ya kuma rantse ba za ta taɓa sitiyarin ba sai ya sa wannan sanda. Ga shi amosanin gaɓɓai ya kama masa yatsu da gwiwa, ba ya iya kwanciya a ƙasa. Wata Asabar ya dube ni ya ce, "Malam, ni ina da sani, kai kana da baya. Zo mu haɗa."

Sandar ƙarfe ce da ba ta kai kaurin babban yatsa ba, an lanƙwasa bakunanta biyu baya. Tsakiyarta ana maƙala ta a jikin shasi da maɗaurai biyu masu bushin roba, kowane baki kuma ana haɗa shi da hannun da ke riƙe da tayar ɓangarensa ta hanyar wani gajeren ƙarfe. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, sandar juyawa kawai take yi a cikin robarta, ba ruwanta. Idan kuwa ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa, wato abin da ke faruwa a kwana, dole sandar ta murɗe kamar wankin da ake matsewa, ita kuma ba ta son murɗewa. Wannan gardamar tata ita ce ke tsai da motar.

Bakanikanmu na gida sitabilaiza suke ce mata. Ina kwance a kan kwali, mai yana ɗiga mini a goshi, na riƙa tuna yadda Hausa ta karɓi kayan gareji: sifana, sifirin, sitiyari, sitabilaiza. Duk inda Turanci ya jera baƙaƙe biyu a farkon kalma, Bahaushe ya cusa wasali a tsakaninsu, domin gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu. Na sha koyar da wannan a aji, na sha cin jarrabawa da shi. Ranar nan ce karon farko da na riƙe ɗaya daga cikin abubuwan da nake misali da sunansu.

Muka ɗaga motar da jak, muka tokare ta. Gajerun ƙarafan nan akwai na dama akwai na hagu, na musanya su sau ɗaya kafin na gane. Daga nan Baba ya miƙo mini tef, ya sa na auna daga kowane maɗauri zuwa inda sandar ta lanƙwasa. Dama ta fi hagu da kusan santimita ɗaya. Na ce masa ai wannan ba wani abu ba ne. Bai amsa ba, tef ɗin kawai ya sake miƙo mini. Sai da ɓangarorin biyu suka zo daidai, sannan muka ɗaura ƙananan matokarai da ke hana sandar zamewa gefe.

Ya shiga cikin gida ya dafa shayi. Ni kuwa, don in burge shi, na ɗauki sifana na bi kowane noti na ɗaure shi tamau, har hannuna ya yi ja. Da ya dawo na sanar da shi an gama. Ya ajiye kofunan, ya dubi tayoyin suna reto a iska, ya ce, "Kwance su duka."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ke duba kundayen ɗalibai yana jan layi da jan biro, yau an ce aikinsa na awa guda a warware. Na nemi dalili da murya mai ɗan kauri. Ya ce mota ba a iska take tafiya ba. Yayin da take kan jak, hannayen tayoyin sun sauka har ƙarshe. Idan aka matse roba a wannan hali, da zarar an sauke motar nauyinta zai mayar da hannayen sama, robar ta murɗe ta zauna a murɗe dare da rana, ba da jimawa ba ta yage. Haka kuma in aka tilasta baki ɗaya na sandar ya shiga wurinsa da ƙarfi, motar za ta riƙa shan kwanar dama dabam da ta hagu, direba kuma ba zai sani ba sai ranar da ya fi bukatar ta yi masa biyayya. Ya ce ya ga sababbin ma'aikata da yawa sun yi wannan kuskure, kuma yawanci masu ƙwazon ne.

Na kwance su, na bar kowane noti a ɗaurin yatsa. Muka sauke motar a kan katakai huɗu masu kauri ɗaya, don in sami wurin shiga. Ya sa na danna gabanta da ƙarfi sau da yawa har sifirin ya zauna. Sannan ya buɗe ƙofa ya shiga kujerar direba domin a ɗaure da nauyin mutum a ciki. Ya ɗan yi shiru, sai ya fito da ƙyar, ya ce yarinyar ba ta kai shi nauyi ba. Buhu biyu na takin lambu muka ɗora a kujerar a madadinta. Na koma ƙasa na ɗaure, dama kaɗan, hagu kaɗan, yana ƙirga mini daga sama.

Da la'asar ya tuƙa mu zuwa wani shataletale a bakin gari. Ya zagaya shi sau uku, kowane zagaye ya fi na baya sauri, ni kuwa na riƙe ƙofa ina salati. Kafaɗata ba ta bugi gefe ba kamar yadda ta yi a makon da ya wuce. Da muka dawo ya sa na sake shiga ƙasa da tef ɗin. Awon bai motsa ba. Ya ciro makullin, ya sa shi a ambulan, ya rubuta sunan jikarsa a bayanta, sannan ya tambaye ni ko shayin da ya huce zan sha ko a dafa wani.