Ranar da Shafinmu Ya Ɓoye Tatsuniyar Kaka

Bara da hutun damina na je gida, wani ƙauye kusa da Mirya, na ɗauki muryar kakata a waya tana yi wa ƙannena tatsuniya. Guda 17 na samu. Da na dawo jami'a na rubuta su ɗaya bayan ɗaya, muka ɗora a shafin intanet na ƙungiyarmu tare da karin maganar da ƴan uwa suka tattaro daga Tawa da Maraɗi. Ba a jima ba aka sace wayar a tasha, Kaka kuma ta rasu da azumi, Allah ya jiƙanta. Rubutun nan kaɗai ya rage mini na bakinta.

Wata rana ƙanena ya kira ni daga Agadas. "Yaya, na nemi ta ƴar sarki da baƙo, wallahi babu." Na ce wasa kake. Na buɗe shafin, na rubuta sunan a akwatin bincike. Ina cikin rubutu sai ga sunan ya leƙo a ƙasa, amma da na danna neman, shafi ya ce ba a samu komi ba. Gabana ya faɗi, na zaci an goge.

Tatsuniyar tana nan, ba abin da ya taɓa ta. Kwana uku muka yi da abokinmu mai kula da shafin kafin mu gane inda gizo ke saƙar. Ashe ƙananan manhajoji biyu na bincike ya liƙa wa shafin, irin waɗanda suke kira fulogin. Ɗaya tana jera sakamako, ɗaya tana nuna maka sunaye tun kana rubutu. Kowace tana da nata kundin kalmomi, kuma kowace tana son ita za ta amsa tambaya. Ta biyun ta san tatsuniyar, ta farkon kuwa ba a sabunta kundinta ba tun da muka yi ƴan gyare-gyare. Ga nauyi da suka ƙara wa shafin, forfen jika guda ya ƙare kana jiran ya buɗe.

Muka cire ɗaya, muka sabunta kundin. Ni na samu tatsuniyar, ƙanena har yanzu shiru. A nan ne karatun harshe ya yi mini rana.

Wayarsa ba ta da haruffa masu lanƙwasa, "yar sarki da bako" yake rubutawa. Idan Bafaranshe ya manta alamar da ke kan é, manhajar tana gane shi, don a tsarin Unicode ana iya raba wannan harafi gida biyu, e da alamarsa. Amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba su rabuwa, kowane harafi ne mai zaman kansa. A wurin na'ura, k da ƙ ba su haɗa dangi ba.

Sannan mu kanmu ba baki ɗaya muke rubutu ba. Nan Nijar, bisa ƙa'idar rubutu ta 1999, ƴ muke sawa, ƴan uwanmu na Kano kuma 'y. Manhajar tana zubar da wannan ɗan waƙafi na sama kamar shara, sai 'ya ta koma ya. Kuma an saita ta kada ta kula da kalmar da ba ta kai harafi uku ba, ke nan ɗa, ci, ji da so duk ba su cikin kundi. Abin da ya fi ba ni dariya, da yake shafin da Faransanci aka kafa shi, akwai jerin ƙananan kalmomin Faransanci da take tsallakewa, har da son. In ka nemi "son zuciya", zuciya kaɗai take nema.

Abokina ya ce mai sauƙi ne, a maida kowace ƙ ta zama k a huta. Na ce a'a, malam. In an yi haka baƙi da baki sun zama ɗaya, ƙasa da kasa, ɓari da bari, ɗa da da. Wanda ya ƙi haɗa su ya kori mai ƙaramar waya, wanda ya haɗa su ya cakuɗa harshe. Mun fi sati muna gardama.

A ƙarshe muka sa kundin ya riƙe siffa biyu na kowace kalma, mai lanƙwasa da marar lanƙwasa, amma wadda ta yi daidai da abin da ka rubuta ita ke fara fitowa. Muka goge jerin Faransancin, muka rage iyakar zuwa harafi biyu. Bai gyaru duka ba: mai neman baƙo har yanzu yana cin karo da abin da bai nema ba.

Da can ina ganin wannan aikin ƴan kwamfuta ne. Yanzu na gane abokina ya iya saita manhaja, amma bai taɓa tunanin son kalmar Hausa ce da za a iya zubarwa ba. Mu da ke zaune a ajin ilimin harshe, in ba mu zauna kusa da su ba, haka za a yi ta ajiye maganar iyayenmu a inda ba mai iya samunta.

Shekaranjiya ƙanena ya turo saƙo, ya ce ya gani, ya karanta wa ƴarsa. Ni kuma na buga tatsuniyoyin 17 a takarda, na yi fotokopi uku, na aika ɗaya gida.