Gurjin Goggo a Safana

A hutun ƙarshen damina na makarantarmu ta Islamiyya na kai wa goggona ziyara a Safana, garin Yariman Katsina. Daga Katsina muka bi ta Dutsin-Ma, sannan muka karkata yamma. Gero ya fid da kai, ko'ina kore shar, amma kowa a motar ya yi tsit. Ƙasar tana maƙwabtaka da dajin Rugu, wanda ya ratsa Safana da Batsari, kuma kun san ukubar da mutanen yankin suka sha a hannun 'yan bindiga, musamman daga 2019.

Gonar Goggo da ke wajen Runka ta yi shekaru ba a noma ta ba. Maimakon ta naɗe hannu, sai ta mai da bayan ɗakinta lambu: kuɓewa, yakuwa, tumatir, ga gurji ya yi yaɗo har kan danga. Kuɓewa takan yanka ta shanya, tumatir ta yi kauɗa. Gurji ne ya gagare ta, domin fiye da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne. In an ci kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli an gaji, ragowar sai ya yi yaushi a zuba wa awaki. A gidan da ake auna cefane da ƙyar, wannan asara ce.

Nan na tuna da mukhallal, kayan lambun da Larabawa ke tsimawa a khal, wanda alhazanmu ke gani a Makka da Madina. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci.

Ga yadda muka yi. Mun zaɓi ɗanyen gurji ƙanana masu tauri, muka wanke, muka yanka, muka barbaɗa gishiri na awa 1 don ya zubar da ruwa. Mun tafasa kwalabe da murafensu na minti 10. Sai muka tafasa kofi 1 na farin khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, da kofi 1 na ruwa, da babban cokali 1 na gishiri. Muka jera gurjin da tafarnuwa da attaruhu a kwalba, muka zuba ruwan da zafinsa har ya rufe su, muka ɗaure murfi.

Uwargida, a kiyaye: kada ruwa ya fi khal yawa, domin tsamin ne ke hana ƙwayoyin cuta. Mai firij za ta iya ajiyewa makonni. Marar shi ta ajiye a gindin randa, ta cinye cikin 'yan kwanaki. In ya yi funfuna ko wari, a zubar. Mai hawan jini kuma ya taƙaita saboda gishiri.

Washegari muka ci da shinkafa da wake. Goggo ta yatsine fuska, ta ce, “'Yar nan, wannan ai ya fi tsamiya!” Amma sai ga ta ta ƙara, ta kuma aika wa maƙwabciyarta kwalba guda.

Allah Ya zaunar da Safana da Batsari lafiya, Ya mai da manoma gonakinsu. Amin.