Reshen Da Ya Yi Shiru

Duk wanda ya san hanyar garinmu Shinkafi ya san cewa in an taso daga Gusau, hanya ɗaya ce har Ƙaura Namoda. A nan take rabuwa, reshe guda ya nufi Zurmi, guda ya nufo wajenmu. To, mai son aika wasiƙa iri ɗaya zuwa garuruwan nan biyu ba ya bukatar manzo biyu tun daga Gusau. Ɗaya ya isa, in ya kai Ƙaura sai a kwafi wasiƙar, kowane reshe ya ɗauki tasa.

Irin dabarar nan ce Steve Deering, wani ɗalibin Jami'ar Stanford a Amurka, ya tsara wa intanet a 1988, domin kai saƙo ɗaya ga jama'a da yawa. Na'urorin da ke mararraba su ne ke kwafar saƙon, hanyoyin da ya bi kuwa sai su zama kamar bishiya mai rassa.

Ana renon bishiyar nan ta hanya biyu. Ta farko, a watsa saƙo ko'ina, reshen da ba ya so ya ce a sare shi. Ta biyu, wadda ake samu a tsarin PIM, ba a kai wa kowa sai ya nema. Bukatarsa za ta yi ta hawa daga na'ura zuwa na'ura har ta iske gangar bishiyar. Kuma fa neman ba sau ɗaya ba ne, a kan maimaita shi kowane minti guda. Reshen da ya yi shiru na minti uku da rabi, sai a ɗauka ba kowa can, a datse shi.

Wannan ta biyun ce ta tsaya mini a rai, domin mu 'yan ƙarshen reshe ne. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, mun ɗanɗani zaman reshen da aka sare daga sama. Wancan ba mu da iko da shi. Amma akwai saran da shirunmu ke jawowa: batun makaranta, asibiti ko hanya, mu yi kuka sau ɗaya, sa'an nan mu naɗe hannu.

'Yan'uwana ɗalibai, in na'ura ba ta gajiya da cewa tana nan, mu me zai gajiyar da mu? Mai nema yana tare da samu. Allah ya sa mu dace, amin.