Hutun da bai kai Batsari ba

A watan Yunin 2021 wani likita ɗan Batsari, mai aiki a Ingila, ya yi hutunsa a tsibirin Aislan. Gida ya so zuwa, ya tarar da damina ta sauka, amma mahaifiyarsa ta ce a waya: "Ka yi zamanka tukuna, hanya ba ta da kyau." Ba ramuka take nufi ba.

Reykjavik, babban birnin ƙasar, ta rikita masa lissafi. Rana ba ta faɗuwa sai wajen sha biyun dare, don haka magariba da isha da asuba suka cunkushe cikin 'yan sa'o'i. Ruwan zafin famfo daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Daga birnin ya bi ayari zuwa Fagradalsfjall, dutsen da ke aman wuta tun watan Maris. Iyaye har da goyo suna zaune suna cin guzuri, narkakken dutse na malala a gabansu, ja wur.

Can ya tuna duwatsun Ruma da na Runka ta ƙasar Safana, inda suke hawa suna yara. Waɗancan sun daskare tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru kafin Aislan ta ɓullo daga teku, ba su taɓa ƙona kowa ba. Amma suna bakin Dajin Rugu, kuma tun kisan Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020 bai sake neman izinin kai 'ya'yansa su gan su ba.

Ya tura wa tsohuwar hoton wutar. Ta ce ya matsa baya.